Dalilan Ƙarya da Ginshiƙan Gaskiya: Nazari a kan Masu Ƙiren Hadisi da Malaman da Suka Tona Asirinsu

Tsakure

Wannan maƙala ta nufi binciken abin da ke kai ɗan Adam ga yin ƙarya, da abin da ke tsayar da shi a kan gaskiya ko da za ta jawo masa hasara. An ɗauki tarihin ƙiren hadisi a ƙarni na biyu da na uku na Hijira a matsayin fagen bincike, domin a can ne aka sami maƙaryatan da aka san sunayensu da garuruwansu, waɗanda kuma da yawa daga cikinsu suka furta dalilansu da bakinsu. An gwama labaransu da ƙissar Abu Sufyan gaban Hirƙala da ta Ka'abu ɗan Malik bayan Tabuka, sa'an nan aka auna abin da aka samu da gwaje-gwajen masanan wannan zamani. Natijar da aka kai gare ta ita ce, ƙarya mafi wuyar magani ita ce wadda mai ita ya ɗauke ta ibada, kuma gaskiya tana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu, kunyar mutane da tsoron Allah a ɓoye.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya so ya bincika dalilin da ya sa mutane ke yin ƙarya, da ya fara zai ci karo da wata mushkila, ita ce maƙaryaci ba ya yin ƙarya sai don kada a gane shi, idan kuwa aka gane shi aka tambaye shi dalili, galibi da wata ƙaryar yake amsawa. Saboda haka mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan mas'ala zato ne na masu hikima, ko wa'azi na masu tarbiyya, waɗanda dukansu suna da fa'ida, amma ba su ƙosar da mai neman hujja wadda aka ɗora a kan mutane sanannu da al'amura tabbatattu.

Sai dai akwai wani fage guda a tarihin ilmi inda aka bi maƙaryata ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta sunan kowane da na ubansa da garinsu da malamansa, aka kuma taskace abin da ya faɗa a lokacin da aka tsare shi da tambaya. Wannan fage shi ne ilmin jarhi da ta'adili, wato ilmin tantance masu ruwayar hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An rawaito daga Muhammadu ɗan Sirin, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa da farko mutane ba su kasance suna tambayar isnadi ba, sai da fitina ta auku aka fara neman kowa ya ambaci mutanen da ya karɓo daga gare su. Daga wannan lokaci har ƙarnoni da dama, malamai suka duƙufa suna tara labaran masu ruwaya, har abin ya zama taska wadda babu kamarta wajen sanin halin ɗan Adam game da gaskiya da ƙarya. Tambayar wannan maƙala ita ce: me wannan taska ke koya mana game da dalilan ƙarya, kuma me take koya mana game da abin da ke riƙe harshe a kan gaskiya?

2. Ma'anar kalmomi da hanyar bincike

Malaman Ahlus Sunna sun fassara ƙarya da cewa ita ce ba da labarin abu saɓanin yadda yake, ko da gangan ko da mantuwa, sai dai zunubi ba ya rataya sai a wuyan mai gangancin. Masu ilmin hadisi sun kiyaye wannan bambanci da kyau, suka raba maƙaryaci wanda ya ƙaga magana yana sane, da mai wahami wanda hardarsa ta yaudare shi, kuma da kashin farko wannan bincike ya fi damuwa. Haka kuma ba a shigar da abin da shari'a ta yi rangwame a kansa ba, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba game da yaƙi da sulhunta mutane da zancen miji da matarsa, abin da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya faɗaɗa bayaninsa a babin aibobin harshe na littafinsa Ihya'u Ulumid Din.

Hanyar da aka bi ita ce zaɓo labaran da suka shahara a littattafan wannan fanni, irin su muƙaddimar Sahihu Muslim, da Al-Maudu'at na Ibnul Jauzi wanda ya rasu a 597, da Muƙaddima ta Ibnus Salahi wanda ya rasu a 643, da Tadribur Rawi na Jalaluddin Suyuɗi wanda ya rasu a 911, malamin nan da ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. An fifita labarin da maƙaryacin ya yi iƙirari a cikinsa, ko wanda halin da ake ciki ya bayyana manufarsa a sarari, sa'an nan aka kasa labaran gwargwadon dalilin da ya motsa kowane mutum.

3. Dalilai huɗu na fili

Dalili na farko shi ne kwaɗayin abin duniya, kuma misalinsa mafi shahara shi ne Giyasu ɗan Ibrahim, wanda ya shiga wurin halifa Mahadi, da ya yi mulki daga 158 zuwa 169, ya iske shi yana wasa da tattabaru. Akwai hadisi sananne da ya taƙaita gasa mai lada a kan harbin kibiya da tseren raƙuma da na dawakai, sai Giyasu ya karanto shi da isnadinsa, ya ƙara kalma ɗaya a ƙarshe wadda ta shigar da masu fiffike cikin halascin. Halifa ya ba shi dirhami dubu goma, amma da Giyasu ya juya baya sai halifan ya shaida cewa wannan ƙeya ce ta mai yi wa Annabi ƙarya, ya ce shi ne ya ja shi ga yin haka, ya sa aka yanka tattabarun. Abin lura a nan shi ne, maƙaryacin bai ƙaga hadisi cikakke ba, kalma ɗaya ya liƙa a jikin magana ingantacciya, domin ƙarya ta fi saurin shiga idan ta sa rigar gaskiya. Abin lura na biyu kuwa shi ne, wanda aka yi wa ƙaryar ya gane ta, amma duk da haka ya biya ladanta, kuma muddin masu mulki na biyan ladan abin da suke son ji, ba za a rasa mai sayar musu da shi ba. A wannan kashi ne ake sa Muhammadu ɗan Hajjaju Allahmi, mai sayar da harisa, wani abinci na alkama da nama, wanda ya ƙaga hadisi a kan falalar abin da yake sayarwa, da kuma masu ƙissa na masallatai da kasuwanni, waɗanda ke ƙawata labari da abubuwan mamaki domin jama'a su taru su miƙo sadaka.

Dalili na biyu shi ne ta'assubanci, ko na siyasa ko na mazhaba ko na ƙabila da gari. Bayan rarrabuwar kai da ta biyo bayan fitina, kowane ɓangare ya sami wanda ya ƙaga masa falalar jagoransa da aibin abokin hamayyarsa, har abin ya kai ga limaman fiƙihu. Ma'amun ɗan Ahmad Alharawi, da aka nuna masa yadda mazhabar Shafi'i ke yaɗuwa a Hurasan, sai ya kawo hadisin ƙire wanda ya ambaci sunan Imamu Shafi'i da zargi, ya kuma ambaci Imamu Abu Hanifa da yabo, alhali kuwa duka limaman biyu sun barranta daga irin wannan taimako. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, da ya zo lissafa dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labarai a farkon Muƙaddimarsa, da wannan ya fara, domin a ganinsa zuciyar da ta riga ta karkata ga wani ra'ayi takan karɓi abin da ya dace da shi nan take, ba tare da ta tsaya tacewa ba. Mai ta'assubanci ke nan yana ƙarya sau biyu, yana ƙaga abin da babu, yana kuma gaskata abin da wani ya ƙaga.

Dalili na uku shi ne fushi da ramuwar gayya. An rawaito cewa ɗan Sa'adu ɗan Ɗarif ya dawo daga makarantar allo yana kuka saboda malaminsa ya doke shi, sai uban ya ce yau zai kunyata malaman yara, nan take ya jero isnadi ta hanyar Ibnu Abbas, ya ɗora wa Annabi maganar da ke sa malaman yara cikin mafi sharrin mutane. Bulalar yini ɗaya ta haifi ƙaryar da aka yi ƙarnoni ana gargaɗi a kanta.

Dalili na huɗu shi ne ƙiyayya ga addinin kansa, irin ta zindiƙai. Abdulkarim ɗan Abil Auja'i, wanda gwamna Muhammadu ɗan Sulaiman ya kashe a Kufa a zamanin halifa Mansur, ya yi iƙirari a lokacin da za a sare shi cewa ya ƙaga hadisi dubu huɗu, yana halatta haram yana haramta halal a cikinsu. Ko adadin ya kai haka, ko kuwa ya faɗa ne don ya bar shakka a zukatan mutane bayansa, manufarsa ɗaya ce, wato ɓata rijiyar da jama'a ke sha.

Waɗannan dalilai huɗu sun haɗu a kan abu guda: kowane daga cikin masu su ya san abin da yake yi mummuna ne, shi ya sa yake ɓoyewa. Wanda kuwa ya san yana kan laifi, akwai tsammanin wata rana kunya ko tsoro ko tsufa su karya shi ya tuba.

4. Dalili na biyar: ƙaryar neman lada

Abin da ya fi tayar wa malaman hadisi hankali shi ne wani kashi na mutane waɗanda ba kuɗi suke nema ba, ba kuma ƙiyayya ce ta motsa su ba, mutane ne masu azumi da tsayuwar dare, waɗanda jama'a ke neman albarkarsu. Ibnus Salahi ya yanke hukunci cewa waɗannan su ne mafi cutarwa a cikin masu ƙire, domin sun yi ne suna tsammanin lada, mutane kuma suka karɓa daga gare su saboda amincewa da zuhudunsu.

Nuhu ɗan Abi Maryam, alƙalin Marwa wanda ya rasu a 173, mutum ne da ya tara ilmi mai yawa har aka yi masa laƙabi da Aljami'u. Aka tambaye shi ina ya samo hadisan falalar surorin Alƙur'ani sura bayan sura daga Ikrima daga Ibnu Abbas, alhali almajiran Ikrima ba su san da su ba. Ya amsa cewa ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya, sun shagala da fiƙihun Abu Hanifa da labaran yaƙe-yaƙe na Ibnu Ishaƙ, sai ya ƙaga su domin neman lada wurin Allah. Kusan irin wannan amsa ce Mu'ammalu ɗan Isma'il ya samu a ƙarshen doguwar tafiyarsa. Wani tsoho ya ba shi hadisi mai tsawo da aka jingina wa Ubayyu ɗan Ka'abu a kan falalar surori, ya tambaye shi wa ya ba shi, ya ce wani mutum a Mada'in. Ya tafi Mada'in, aka tura shi Wasiɗ, daga can aka tura shi Basra, daga Basra aka tura shi Abbadan, inda aka shigar da shi wani ɗaki na masu ibada aka nuna masa shehinsu. Da ya tambaye shi, sai shehin ya ce babu wanda ya ba shi, su ne suka ga mutane sun yi sakaci da Alƙur'ani suka shirya wannan domin su juyo da zukatansu. Duk da wannan tonon asiri, hadisin ya sami shiga tafsirai manya kamar na Sa'alabi da Wahidi da Zamahshari da Baidawi. Haka nan Gulamu Halil, mai zuhudun Bagadaza wanda aka rufe kasuwannin birnin ranar jana'izarsa a 275, da aka tambaye shi game da hadisan tausasa zuciya da yake karantarwa, ya ce sun ƙaga su ne don su tausasa zukatan talakawa.

Wasu ma sun mayar da abin mazhaba. An jingina wa Karramiyya, mabiyan Muhammadu ɗan Karram wanda ya rasu a 255, halatta ƙire a babin kwaɗaitarwa da tsoratarwa, kuma da aka tuna wa masu wannan ra'ayi hadisin nan mutawatiri da ya yi alkawarin wuta ga wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan, sai wasunsu suka ce su ai taimakonsa suke yi da ƙaryarsu, ba cutar da shi ba. A nan ne cutar take. Maƙaryacin kwaɗayi ya rinjayi zuciyarsa ne, tana nan tana zarginsa. Maƙaryacin neman lada kuwa ya saye zuciyarsa ta koma tana yaba masa, saboda haka babu ƙofar da tuba za ta shigo ta cikinta. A ƙarƙashin aikinsa kuma akwai wani zato mai muni wanda shi kansa bai lura da shi ba, wato cewa abin da Allah Ya saukar da abin da Manzo ya faɗa ba su isa su ja zukata ba sai an ƙara musu gishiri. Wanda ya yi wa gaskiya ƙarin ƙarya, ya shaida da aikinsa cewa bai amince da ƙarfinta ba.

Yahaya ɗan Sa'id Alƙaɗɗan, wanda ya rasu a 198, ya lura cewa ba a ga salihai sun fi yin ƙarya a wani abu kamar a hadisi ba, Imamu Muslim kuma ya bayyana cewa abin nufi shi ne ƙarya na gudana a harshensu ba da gangan ba, saboda kyautata zato ga duk abin da suka ji. Wannan ya sa Imamu Malik, wanda ya rasu a 179, ya sa tsoho mai falala da ibada wanda bai san abin da yake rawaitowa ba cikin mutum huɗu da ba a karɓar ilmi daga gare su, tare da wawa, da mai kira zuwa ga son zuciyarsa, da mai ƙarya a zancen mutane ko da ba a tuhume shi a hadisi ba.

5. Ginshiƙan gaskiya

Idan aka juya ga ɗaya ɓangaren mas'alar, ƙissoshi biyu da suka zo a Sahihul Buhari sun isa su nuna abin da ke riƙe mutum a kan gaskiya. Ta farko ita ce ta Abu Sufyan ɗan Harbu, wanda ya je Sham fatauci a lokacin sulhun Hudaibiyya tun bai musulunta ba, Hirƙala sarkin Rum ya kira shi a Iliya domin ya tambaye shi labarin Annabi. Sarkin ya yi dabara, ya zaunar da abokan tafiyarsa a bayansa, ya umarce su da su ƙaryata shi idan ya yi ƙarya. Abu Sufyan ya faɗa daga baya cewa ba don kunyar a riƙa ba da labarin ya yi ƙarya ba, da ya yi ta. Ga maƙiyi, a gaban sarki, yana da dukan dalilin ɓata sunan abokin gabarsa, amma ya shaida nasabar Annabi da gaskiyarsa da cika alkawarinsa, domin shi shugaba ne a cikin Ƙuraishawa, kuma ya san tabon ƙarya ba ya goguwa daga sunan mai daraja. Sai dai ya faɗa da bakinsa cewa ya sami wuri ɗaya da ya cusa kalmar shakka, inda ya ce suna cikin sulhu da shi yanzu, ba su san abin da zai aikata ba. Wannan shi ne iyakar kunya: tana tsare mutum daga ƙaryar da za a kama, tana barinsa da ɗan abin da ba mai iya kama shi a kai.

Ƙissa ta biyu ita ce ta Ka'abu ɗan Malik, mawaƙin Ansar, wanda ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 ba tare da uzuri ba, alhali bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na wannan lokaci ba. Da Annabi ya dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suka kawo uzurori suka rantse, aka karɓi zahirinsu aka bar baɗininsu ga Allah. Ka'abu ya ga ƙofar a buɗe take, ga shi kuma da fasahar harshe wadda ya san za ta fitar da shi, amma ya faɗi cewa ba shi da wani uzuri, bisa hujjar cewa idan ya faranta wa Manzo rai yau da ƙarya, Allah zai fusata shi da shi gobe. Danginsa Banu Salima suka yi ta zarginsa har ya kusa komawa ya ƙaryata kansa. Aka hana mutane magana da shi da abokansa biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, har dare hamsin, bayan arba'in ma aka umarce su da su nisanci matansu, kuma a cikin wannan ƙunci ne wasiƙar sarkin Gassan ta zo masa tana gayyatarsa, ya jefa ta cikin tanda. Da aka saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, aya ta 118, aya ta gaba kuma ta umarci muminai da tsoron Allah da kasancewa tare da masu gaskiya, Ka'abu ya ɗauki alkawarin ba zai sake faɗin wani abu ba sai gaskiya muddin ransa.

Bambancin mutanen biyu a bayyane yake. Shaidun Abu Sufyan suna zaune a bayansa, Ka'abu kuwa ba wanda zai iya ƙaryata shi a duniya, amma ya san akwai Mai gani. Tarihin masu ruwaya ya ƙarfafa wannan, domin malamai sun lura cewa aƙidar mutum game da ƙarya kanta ta fi yin tasiri a harshensa fiye da ɓangaren da yake. Abu Dawud ya ce a cikin 'yan bidi'a babu masu ingancin hadisi kamar Hawarijawa, dalili kuwa shi ne suna ɗaukar ƙarya babban zunubi mai halakarwa, har Buhari ya rawaito daga Imrana ɗan Hiɗɗan duk da ra'ayinsa. Imamu Shafi'i kuwa ya karɓi shaidar 'yan bidi'a ya toge Haɗɗabiyya, saboda suna halatta shaidar zur domin taimakon 'yan ɓangarensu.

Su kansu malaman jarhi da ta'adili sun biya farashin gaskiya daga cikin gidajensu. An tambayi Aliyu ɗan Madini, malamin Buhari wanda ya rasu a 234, game da mahaifinsa, ya ce a tambayi wani, aka nace, sai ya sunkuyar da kai sa'an nan ya ɗago ya ce al'amarin addini ne, mahaifinsa mai rauni ne. Zaidu ɗan Abi Unaisa ya hana mutane karɓa daga ɗan'uwansa na jini. Tsarin isnadi da suka kafa ya haɗa ginshiƙan biyu wuri guda, domin ya tilasta wa kowane mai magana ya ambaci sunansa da na wanda ya gaya masa, ta yadda kunya za ta yi aikinta, kuma ya ɗora tantancewa a hannun mutanen da tsoron Allah ya fi ƙarfin son danginsu.

6. Shaidar gwaje-gwajen zamani

Masana halayyar ɗan Adam da na tattalin arziki a wannan zamani sun bi wata hanya dabam suka iso kusa da wannan wuri. A binciken da Serota da Levine da Boster suka buga a 2010, wanda aka tambayi mutum 1,000 a Amurka, kimanin kashi 60 cikin 100 sun ce ba su yi ƙarya ko ɗaya ba a yini da daren da suka wuce, kuma kusan rabin dukan ƙaryar da aka lissafa ta fito ne daga kashi 5 cikin 100 na mutanen. Wannan ya dace da abin da malaman hadisi suka gani, cewa ƙire mai yawa yakan koma ga mutane ƙalilan waɗanda aka san sunayensu.

Fischbacher da Föllmi-Heusi kuwa, a aikinsu da aka buga a 2013, sun sa mutane jefa ƙwayar nan mai fuska shida ta wasan ludo a ɓoye, kowa ya faɗi lambar da ta fito masa a biya shi gwargwadonta, biyar ce mafi tsoka, shida kuma ba ta da ko sisi. Ba wanda zai iya kama mai ƙarya, amma lissafi ya nuna wasu sun faɗi gaskiya har da lambar da ba ta da lada, wasu sun yi ƙarya iyakar iyawa, wasu kuma sun tsaya a huɗu, suka ci riba kaɗan suka bar wa kansu suturar mai gaskiya, kamar kalmar nan guda da Abu Sufyan ya cusa. A 2019 Abeler da Nosenzo da Raymond suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 90, na mutum fiye da 44,000 a ƙasashe 47, suka gano cewa mutane kan bar kimanin kashi uku cikin huɗu na ribar da ƙarya za ta ba su, kuma abu biyu ne ke bayyana haka idan aka haɗa su: son mutum ya kasance mai gaskiya a karan kansa, da son a gan shi mai gaskiya. A wannan shekarar ce kuma Cohn da abokan aikinsa suka miƙa jakunkunan kuɗi na aljihu fiye da 17,000 a matsayin tsintuwa a birane 355 na ƙasashe 40, sai aka ga a ƙasashe 38 an fi mayar da jakar da ke da kuɗi fiye da wadda babu komai, domin yawan kuɗin yana ƙara wa mutum nauyin ganin kansa ɓarawo.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje sun fi auna ƙaryar kwaɗayi, wadda ita ce mafi sauƙin aunawa. Ƙaryar Nuhu da ta shehin Abbadan ba ta shiga wannan ma'auni, domin mai ita ba ya karɓar lada a hannu, ba ya kuma jin ya zubar da mutuncinsa. A wannan babi taskar malaman hadisi tana gaba da ɗakin gwaji.

7. Kammalawa

Abin da wannan bincike ya tabbatar shi ne, mutum yana ƙarya domin kwaɗayi, ko ta'assubanci, ko fushi, ko ƙiyayya, kuma duk waɗannan suna da magani muddin mai su ya san laifi yake yi. Amma idan ya yarda cewa kyawun manufa yana wanke munin hanya, to ya toshe kunnen da nasiha za ta shiga. Mutum yana faɗin gaskiya kuma domin kunyar idon mutane, wadda al'umma ke iya ƙarfafa ta idan ta riƙa tambayar kowane mai labari inda ya samo shi, ta kuma daina biyan ladan abin da take son ji. Ko kuwa domin tsoron Allah a ɓoye, wanda shi kaɗai ne ya ɗauki Ka'abu dare hamsin bai karye ba.

Saboda haka ina kira ga malamai da masu wa'azi da marubuta da duk wanda ake sauraron maganarsa, kada ɗayanmu ya isar da labari don kawai ya yi daidai da abin da yake so, ko don yana ganin zai gyara mutane, sai ya san tushensa kuma ya yarda a ambaci sunansa tare da shi. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma tarihi ya gaskata su: sunan Nuhu ɗan Abi Maryam, da iliminsa da alƙalancinsa da kyakkyawar niyyarsa, yana rubuce yau a cikin littattafan maƙaryata, sunan Ka'abu ɗan Malik kuwa ana ambatonsa duk inda aka fassara ayar masu gaskiya.